Ba a janairu manomi yake juya shekara ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne wasu al'ummu da kaka suke fara shekara. Gaskiya ne, kuma ba sai ka je nesa ba. Ni a ƙauye na tashi, na kuma daɗe ina riƙe da fartanya. A wurinmu Muharram ta masallaci ce, Janairu ta ma'aikata, amma lissafin gida da kaka ake rufe shi, da kaka ake buɗe wani.

Tun daga ranar da yara suka fara gasa tumu ka san yunwar tsakiyar damina ta kau. Gero ne kan gaba, sai gyaɗa da wake, dawa kuma sai sanyi ya fara shigowa. A ɗaure damma, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sauran a zuba rumbu. Daga nan mai bin bashi zai yi sallama, don duk wanda ya ci bashi da damina cewa ya yi "sai kaka". Auren da aka ɗage, ɗakin da ruwa ya zubar, duk lokacinsu ya zo. Samari su yi kalankuwa, mahauta su buɗe fagen dambe, masu cin rani su ɗaura kaya.

Abin da ya fi nuna maka sabuwar shekara ce shi ne buɗin daji, wato bikin gargajiya na buɗe wa mafarauta daji. Kafin a yi shi ba mai shiga farauta, kuma a wurin ne Arna, irin na yankin Ƙonni a Nijar, suke faɗin yadda shekara mai zuwa za ta kasance. Wannan duba malamai sun hana, da hujjarsu, ni ma ba na bin sa. Tarihi kawai nake ba ka.

A waje ma haka ne. Habashawa suna shiga sabuwar shekara ranar 11 ga Satumba, wani lokaci 12, daidai ɗaukewar ruwansu. A Ingila ta dā, 29 ga Satumba ake biyan kuɗin hayar gona, a kuma ɗauki sababbin barori. Sai dai kakarsu ta Turai ganye ne ke zuba ana shirin hunturu mai ƙanƙara, mu kuwa bayan tamu sai ƙurar hunturu, sai kuma noman rani ga mai fadama.