SSD tukuna, RAM daga baya

Malam, ka ce kwamfutarka Dell OptiPlex 7010 ta hannu mai RAM (ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita) 4GB tana jan ƙafa, kuma kuɗinka na abu ɗaya ne, ko SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa) ko ƙarin RAM. Sayi SSD tukuna, irin ta SATA (nau'in mahaɗinta ke nan) mai inci 2.5, 240GB ko 256GB ta isa. Ka ɗora Windows a kanta, tsohon faifan ajiyar kuma ka bar shi ciki don hotuna da bidiyo.

Tsohon faifan nan juyawa yake yi, allura na laluben bayanai, kuma shi ne ke sa kwamfutar jan ƙafa. Haka na yi wa ta shagona, tashin da ke cin mintuna ya koma daƙiƙoƙi, har na fasa sayar da ita. Amma fa in kana yawan buɗe shafuka a Chrome, 4GB zai ci gaba da shaƙe ta, sai ka kai shi 8GB idan kuɗi sun samu. Wannan samfurin, in tsohon nan na 2012 ne, RAM nau'in DDR3 yake ɗauka, DDR4 ko ramin ba ya shiga, don haka ka zare na cikinta ka tafi da shi kasuwa a gwada.