Kafin ku kashe kuɗi a kan fiffike, ku sayi zaren ulu

Ƙanena, ka tambaya ko ya dace ku ɗora fiffike a motar tseren da kuke ƙerawa a makaranta, da kuma yadda za ku gwada iska tunda ba ku da ɗakin gwaji. Na yi shekara biyu cikin ƙungiyar Formula Student, wato gasar ƙera motar tsere ta ɗaliban jami'a, lokacin da nake karatu a Ingila, har muka kai motarmu filin tseren Silverstone. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Abin da ke ruɗin sababbin shiga shi ne gudu. Hanyar gasar nan duk kwana-kwana ce, da wuya mota ta daɗe tana gudu sosai. Aikin fiffike shi ne ya sa iska ta danna mota ƙasa don tayoyi su kama hanya; wannan ƙarfin kuwa, in ka ninka gudu, ninkuwa yake har huɗu. Fiffiken da ya danna ka da kilo 40 a gudun kilomita 60 a awa, in ka sauko 30, kilo 10 kacal zai ba ka, nauyinsa kuma yana nan daram a kan motar. Shi ya sa kake ganin fukafukan ɗalibai manya-manya kamar allon talla.

Mu dai kwamfuta ce ta fara yaudararmu. Muka kwana muna lissafi da OpenFOAM (manhajar lissafin tafiyar iska, kyauta ce, ku ma kuna iya saukewa), muka yi ta ƙara karkata fiffiken baya, hoton yana ta fito da ja da shuɗi gwanin sha'awa. Ranar gwaji direba ya sauko ya ce shi bai ji wani bambanci ba. Muka ɗauka bai iya ba ne.

Sai wani dattijon ma'aikacin wokshof ya aika aka sayo zaren ulu. Muka yanka shi tsawon yatsa-yatsa, muka liƙa da salatif jere-jere a ƙarƙashin fiffiken, domin fiffiken mota na jirgi ne aka kife, ƙasansa ne ke yin aikin. Muka ɗaure waya tana ɗaukar bidiyo. Inda iska ta bi jikin fiffike, zaren zai kwanta luf. Namu, a tsakiya, rawa yake ta yi, wasu ma sun juyo gaba. Ashe hular kwanon direba da ƙarfen kariyar da ke bayan kansa sun riga sun hargitsa iskar tun kafin ta iso. A kwamfuta ba mu sa direba ba, tayoyin ma ba mu sa su juyawa ba. Kunya ta kama mu. Muka rage karkatar, zaren ya kwanta, lokacinmu a hanyar gwajin kwana mai siffar 8 ya ragu.

Ku riƙa gwaji da sassafe kafin iska ta taso, ku je ku dawo a hanya ɗaya, ku canza abu ɗaya tak a kowane zagaye.

Kada kuma ku manta da lagireto. Fiffiken gaba yana iya kautar da iskar da ya kamata ta shiga cikinsa, tseren juriya na gasar kuma kilomita 22 ne. A sanyin Ingila ma na ga motoci sun tafasa, balle ku da za ku yi gwaji a zafin Afrilu. Ku liƙa zare a bakinsa ku ga ko ciki yake shiga. In wannan ce motarku ta farko, ni a ganina ku bar fiffike sai baɗi, bana ku gyara birki da sitiyari.