Su waye 'yan Suwidin ɗin nan masu kaɗa jita da kayan 'yan sama jannati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan koyon jita ne, kusan shekara ɗaya kenan da na fara. Jiya da dare ina ta lalube a YouTube sai naci karo da wani tsohon bidiyo baƙi da fari, mutum huɗu sun sha kayan 'yan sama jannati suna kaɗa jita da ganga, babu mai waƙa sai kiɗa zalla. An rubuta The Spotnicks, wai 'yan Suwidin ne, wai kuma kiɗan sunansa surf rock. Abinda ya ɗaure min kai shine, ni dai a sanina surf wasan hawa igiyar teku ne na mutanen Amurka, to me ya haɗa shi da ƙasar ƙanƙara? Ya akayi suka haɗu, kuma ya akayi sukayi suna alhali ko baki basa buɗewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bada sa'ar koyo. Bari in fara da ɗan gyara kafin mu shiga labari, saboda wanda ya rubuta surf rock a ƙasan bidiyon nan ba ƙarya yayi ba amma kuma bai faɗi gaskiya duka ba.

Surf rock na asali ɗan Kudancin Kalifoniya ne. A 1961 wani makaɗi mai suna Dick Dale, wanda shi kansa yana hawa igiyar ruwan, ya fara tara samari a wani ɗakin rawa a Balboa yana kaɗa jita da ƙarfin tsiya, yana karkaɗa tsirkiya ɗaya da sauri kamar mai zazzaɓi, wai so yake kaji ƙugin teku a cikin kunnenka. Kuma a shekarar ne kamfanin Fender ya fito da wani akwati mai sifirin a ciki, sauti ya shiga ya girgiza sifirin ɗin ya fito jiƙe sharkaf kamar ana ɗiga ruwa a cikin rijiya. Wannan jiƙewar itace tambarin surf. To su mutanenka na Suwidin ba daga nan suka ɗauko karatu ba, dan lokacin da suka fara haɗa kai a ƙarshen shekarun 1950 ba'a ma raɗa ma kiɗan Kalifoniya suna ba. Su danginsu na kusa sune The Shadows na Ingila da The Ventures na Amurka, masu kiɗan jita babu murya. Daga baya ne da abin ya tsufa masu sayar da faifai suka tattara kowa da kowa suka zuba a kwando ɗaya sukace surf ne. Dan haka in ka kira su surf ba wanda zai maka faɗa, amma in ka haɗu da ɗan gani-kashenin kiɗan zai ɗan yatsine fuska.

Yanzu mu koma kan yadda aka haɗu. Garinsu Gotenbog ne, birni na biyu a girma a Suwidin, yana gaɓar yamma, garin tashar jiragen ruwa da masana'antu, a nan kamfanin Volvo yake. A wancan zamanin jiragen ruwa na fasinja na zirga-zirga tsakanin garin da New York kai tsaye, kaga kenan duk abinda ya fito a Amurka baya daɗewa yake isowa. Sannan Suwidin bata shiga yaƙin duniya na biyu ba, lokacin da maƙwabta ke kwashe ɓaraguzai su masana'antunsu na aiki, aljihun matasa da ɗan nauyi, ana iya sayen jita da rediyo. Gidan rediyon gwamnati kuwa, wanda shi kaɗai ne a ƙasar, ba ya wani damuwa da kiɗan samari, sai dai yara su jira dare yayi su murɗo Rediyo Luksambog suna kamawa tana kuɓucewa.

Cikin irin yaran nan akwai Bo Starander, mai jitar rakiya wanda daga baya ya koma kiran kansa Bob Lander dan sunan yafi daɗin faɗa a bakin baƙi, da abokinsa Björn Thelin mai bes. Sai Bo Winberg ya shigo da babbar jita, sai Ove Johansson a kan ganga. Sun ɗan canza suna sau da dama, har sukayi zama da sunan The Frazers suna kiɗa a gidajen rawa na garin kamar kowa, babu abinda ya bambanta su a ido.

A kunne kam akwai bambanci, kuma anan nake so ka tsaya dani tunda kai ɗan jita ne. Bo Winberg, wanda aka haifa a 1939, irin mutanen nan ne da in ka basu rediyo sai sun kwance ta sun ga abinda ke magana a ciki. Kayan kiɗan Amurka tsada garesu kuma ba ko'ina ake samu ba, shi kuma maimakon ya zauna jira sai ya dinga haɗa amfilifayarsa da hannunsa, ya tara na'urorin ɗaukar sauti yana gwaje-gwaje da tef. Amsa-kuwwar da kaji a bidiyon nan ta tef ce, ba ta sifirin ba. Yadda take aiki shine, kai ɗaya na na'urar yana rubuta sautin a kan tef, wani kan da ke ɗan gaba kaɗan yana karanta shi, tazarar da ke tsakaninsu ita ke sa sautin ya dawo bayan ƙiftawar ido, tas tas, a bushe, kana iya ƙirga shi. Ta sifirin tana cakuɗa sauti ya zama kamar hazo, ta tef tana maimaita shi kamar wanda yayi kira a tsakanin duwatsu. Shi yasa jitar Winberg take fita siririya mai ƙyalli kamar ƙarfe, mutanen lokacin da suka ji sai sukace wannan ai ba sautin duniya bane, na sararin samaniya ne. Ni a ganina wannan shine ainihin jarin ƙungiyar, sauran duk ado ne. In da zaka cire kayan sama jannatin ka bar sautin da sun ci abinci, in da zaka cire sautin ka bar kayan da wata shida ma ba zasuyi ba.

To amma adon ma yayi aikinsa. A 1961 suka samu manaja, Roland Ferneborg, mutum mai hancin kasuwa. Ka tuna a 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai suna Sputnik, a watan Afrilun 1961 kuma Yuri Gagarin ya zagaya duniya ya dawo, duk inda ka juya maganar sama ake. Sai aka ɗan murɗa sunan tauraron ya zama Spotnicks, aka ɗinka musu kayan da ka gani, aka sa hannu da kamfanin faifai na Karusell. Shikenan fa, suna ya dace da sauti, kaya ya dace da suna, kuma ko a hoto ka gansu sau ɗaya ba zaka manta ba. Ka kwatanta zufar da mutum zai sha cikin wannan kaya ƙarƙashin fitilun dandali, ni dai ban yi musu hassada ba.

A gida akwai wata hanya da ta taimaka ma duk makaɗan Suwidin, wato filayen shaƙatawa na jama'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan kowane gari da nasa, da bazara tayi sai makaɗa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Nan ake gogewa. Amma fitarsu waje ce ta baiwa kowa mamaki. A 1962 faifansu na Orange Blossom Special, wanda asalinsa kiɗan goge ne na ƙauyukan Amurka mai kwaikwayon gudun jirgin ƙasa, ya shiga cikin talatin na sama a jadawalin faifan da suka fi kasuwa a Ingila. Suka je Landan suka ɗauki kundinsu na farko a shekarar. A farkon 1963 kuma Hava Nagila, tsohon kiɗan bikin Yahudawa, ya kai lamba 13, wanda shine mafi nisan da sukayi a Ingila. A gida Amapola ta hau lamba ɗaya a wannan shekarar. Kafin su babu wata ƙungiyar rok ta Suwidin da ta taɓa yin irin wannan a ƙetare, kuma fa wannan fiye da shekara goma ne kafin ABBA, shahararrun mawaƙan nan na Suwidin, su ci gasar waƙa ta Turai, wato Eurovision, a 1974.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wai ya sukayi suna babu waƙa. Ɗan'uwa ai rashin waƙar ne ya buɗe musu ƙofa. Mu nan kunnenmu ya saba da kiɗa na bin baiti, in makaɗi ya daɗe bai ce komai ba sai a fara tambaya ko lafiya, shi yasa abin ya maka banbaraƙwai. Amma ka duba matsayin ɗan Suwidin a 1962. In yayi waƙa da yarensa mutum miliyan bakwai da wani abu ne kaɗai kasuwarsa, in yayi da Turanci Bature yaji lafazin yayi dariya ya sayi na ɗan garinsu. Jita kuwa bata da lafazi. Mutumin Faransa da na Jamus da na Jafan duk abu ɗaya suke ji. Kuma ka lura da irin kiɗan da suke zaɓa, wannan daga Amurka, wancan daga Yahudawa, wani daga Rasha, dan Rocket Man nasu ma wata sananniyar waƙar sojan Sobiyat ce aka sake ma riga. Karin da mutane suka riga suka sani suke ɗaukowa su wanke shi da sautin Winberg. Ba su kaɗai suka gano wannan dabara ba ma, Jørgen Ingmann ɗan Denmak ya kai lamba biyu a Amurka a 1961 da kiɗan Apache, shima jita zalla. Af, kuma kar in manta, ba wai basa waƙa sam ba ne, Bob Lander yakan rera a wasu faifan, kawai dai ba da ita aka sansu ba.

Daga nan sai guguwar The Beatles, mawaƙan nan na Ingila, ta taso. Sun zo Suwidin a Oktoban 1963, kafin kace kwabo samari duk sun bar gashi sun koma neman mai murya, har a Gotenbog ɗin aka samu ƙungiyar mawaƙa irin wannan mai suna Tages, kiɗan jita zalla ya fara zama tsohon yayi. A Amurka ma abinda ya kwantar da surf kenan a 1964. Mafi yawan ƙungiyoyi irin wannan a nan suka watse. Su Spotnicks abinda ya cece su shine sun riga sun zama 'yan ƙasa da ƙasa, in kasuwa ta mutu nan sai a ɗaure kaya a tafi can, ko sunayen kundayensu ka duba zaka gani, a Faris, a Balin, a Tokyo, a Akafulko. Jafan ce tafi rungumarsu, dan a tsakiyar shekarun 1960 The Ventures sun haukata matasan ƙasar da jitar lantarki, sai ga wata waƙar jita ta Spotnicks mai suna Karelia mai ɗan sanyi da kewa ta faɗo daidai kan gaɓa, ta hau lamba ɗaya, suka je rangadi can a 1966. Abin dariyar shine mai gangarsu a wannan tafiyar Jimmie Nicol ne, Baturen Ingilan nan da ya riƙe ma Ringo Starr, mai gangar The Beatles, kujera na 'yan kwanaki a 1964 lokacin da Ringo ya kwanta rashin lafiya, wato dai wanda ya ɗanɗana guguwar da ta so binne su shine ya dawo yana buga musu ganga. A farkon shekarun 1970 kuma Jamus ta sake ɗaga su. Mutane sunyi ta shiga suna fita, an daɗe da ajiye kayan sama jannatin, amma Winberg na nan daram har wasansu na bankwana a Gotenbog a 2019, ya rasu a Janairun 2020.

In kuma surf ɗin gaske kake nema daga wannan yankin na Sikandinebiya, wato Suwidin da Noway da Denmak, mai jiƙaƙƙen sautin sifirin, sai ka gangaro baya-bayan nan. Akwai Laika & the Cosmonauts da aka kafa a Helsinki, babban birnin Finlan, a 1987, duk da dai Finlan in za'a bi ƙa'ida ba'a cikin Sikandinebiya take ba, maƙwabciya ce, kuma kaga suma sunan sama suka ɗauko, na Laika, macen karen da Sobiyat ta harba sararin samaniya a 1957. Finlan ɗin ma tana da nata tsohon salon jita zalla tun farkon shekarun 1960 da suke kira rautalanka, ma'ana wayar ƙarfe. Akwai Langhorns a Suwidin da Los Plantronics a Noway, waɗanda suka taso a shekarun 1990 lokacin da fim ɗin Pulp Fiction na 1994 ya buɗe da Misirlou ta Dick Dale ya tada tsohon tsumi.

Tunda koyo kake, ga aikin gida. Saka iyafis, ka saurari Misirlou sau ɗaya, ka biyo da Karelia, kar ka bi karin, ka sa kunne kan abinda ke faruwa bayan an taɓa tsirkiya. A ta farko zakaji sautin ya fantsama ya narke, a ta biyu zakaji ya tafi ya dawo da siffarsa. Sannan ka ɗauki jitarka, ka rage murɗin bes a amfilifaya, ka kaɗa kusa da gadar jitar inda tsirkiya tafi tauri, in kana da fedar dile, wato mai maimaita sauti, ka sa ta gajere maimaici ɗaya ko biyu, ka gwada layin farko na Karelia a hankali.