Amsa: Fitilar 4WD ta ƙi daina ƙiftawa

Malam, ka ce ka shiga yashin Ibeju-Lekki da Hilux ɗinka, tun daga nan fitilar 4WD (tsarin da duk tayoyi huɗu ke jan mota) take ta ƙiftawa har kan titi. Kwantar da hankalinka, yawanci giyar 4WD ce ba ta gama fita ba. Mayar da ita H2 (tayoyi biyu kawai ke ja), miƙe sitiyari, ka ɗan yi ribas kaɗan. Sau da yawa nan take fitilar za ta mutu. In ta ƙi, sai makanike ya duba.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka hau busasshiyar kwalta da H4 (duk tayoyi huɗu ke ja). Na taɓa yi daga Agege zuwa Mile 12, duk kwanar da na sha sai in ji sitiyari ya cije, tayoyi suna kuka. H4 na yashi ne da taɓo. L4 kuwa (tayoyi huɗu, ƙarfi sosai amma a hankali) sai mota ta tsaya cak, giya tana firi, sannan ka sa.

Fitila ruwan ɗorawa gargaɗi ce, motar za ta kai ka gareji. Amma jar fitila mai hoton butar man inji in ta kama, ko a tsakiyar gadar Third Mainland kake, ka samu gefe ka kashe mota.