Injin ɗaga ma'aikaci ya kife da ni, an ce laifina ne

Barista, ni mai aikin wayar lantarki ne. Muna saka fitilu a wani sito da ake ginawa, aka ɗora ni kan injin nan mai kamar almakashi da ke ɗaga mutum sama. Wurin ciko ne, ga shi an kwana ana ruwa. Taya ɗaya ta nutse, injin ya kife, na karye a ƙugu. Yanzu kamfani ya zo da ɗan kuɗi da takarda, wai in sa hannu cewa gangancina ne. In sa?

Allah ya ba ka lafiya, Malam. Kada ka sa hannu.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da ita, ba ta ɗora maka nauyin tabbatar da laifin kowa ba. Abin dubawa shi ne a bakin aiki ka ji raunin. Ta kuma hana ma'aikaci ya yafe diyyarsa ta hanyar yarjejeniya da ubangidansa. Amma takarda irin wannan za ta iya zame maka ƙarfen ƙafa idan magana ta kai kotu.

Agogo fa yana tafiya. Kwana 14 kake da su ka sanar da kamfani, kuma ka yi a rubuce ko da a gaban idonsu ka faɗo. Su kuma kwana 7 suke da shi su kai rahoto NSITF. Neman diyya cikin shekara guda ake shigar da shi. Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata da ake zubawa a asusun biyan diyyar, wajibin kamfani ne, ba a cire shi daga aljihunka.

Batun ganganci kuwa, ni ban gamsu ba. Injin nan iri-iri ne: akwai na daɓen siminti, akwai na ƙasa mai gargada, mai manyan tayoyi da ƙafafun dogarawa da ake saukewa kan faranti. Wanne aka ba ka? Wa ya duba ƙasar kafin a ɗaga ka? Ciko da ya sha ruwa a ido lafiya lau yake, sai nauyi ya hau. Sannan akwai ƙararrawar da ke kuka idan injin ya karkata. In an tsinke wayarta don kada ta dami mutane, wannan babbar hujja ce. An taɓa koya maka tuƙa shi?

Idan injin na haya ne kuma da lalura ya zo, kana iya ƙarar masu shi, sai dai ba a cin diyya biyu kan rauni ɗaya, zaɓa za ka yi. Rikicinka da kamfani kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi.

Yau ɗin nan ka aika wani ya ɗauki hoton ramin tayar kafin a cike shi, ka karɓi lambobin waɗanda suka gani, ka adana takardun asibiti. Takardar tasu kuma ka nemi kwafi ka kai wa lauya.