Wardin kufai da ladabin ɗibarsa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce matan unguwarku a jihar Nebraska ta Amurka sun gayyace ki wani kangon gidan gona ku yanko rassan tsohon wardi, kika ƙi zuwa don kina ganin kamar sata ce, shi ne kike tambaya ko da gaske al'adarsu ce. Al'adarsu ce, kuma ta daɗe. Sai dai tana da sharaɗi, don haka ɗari-ɗarin da kika yi bai zama laifi ba.

A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar ba wa mutum fili eka 160 idan zai zauna ya noma shi shekara 5. Filin nan fa na 'yan asalin ƙasar ne aka ƙwace, wannan kuma zance ne na wata rana. Iyalai suka yi ta ƙaura zuwa yamma, mata na riƙe da reshe ko saiwar wardi daga gidan iyayensu, su dasa a bakin ƙofa ko a kan kabarin wanda suka rasa. Gidajen katakon sun ruɓe, jikoki sun koma birni, wardin yana nan. Yadda kuka ke nuna inda kufai yake a wajenmu, haka wardin nan ke yi a can.

Wanda kika kwatanta, mai gashi kore a jikin fure kafin ya buɗe, shi ne wardi mai gansakuka. Ba gansakukar gaske ba ce, halittarsa ce. Ki murza ta da yatsa, za ki ji danƙo, ƙamshin kuma kamar na ƙaron itacen fayin na ƙasashen sanyi, daban da na furen kansa. Wannan ce shaidar da ba ta ƙarya. Daga Turai ya zo, an san shi a Holan da Ingila tun wajen 1720, kuma Faransawa suka fitar da ire-irensa da yawa a ƙarni na 19. Idan furen ruwan hoda ne, cike tam, gansakukar kore mai laushi, to mai yiwuwa na asalin ne. Idan dogo ne har yana neman abin jingina, furen ja mai komawa shuɗi-shuɗi in ya kwana biyu, ki yi zargin irin da ake kira William Lobb ne, na 1855. Henri Martin na 1863 ja ne sosai, gansakukarsa kaɗan. Salet na 1854 shi ne mai sake fure daga baya. Yawancin sauran sau ɗaya suke yi a shekara, wajen watan Yuni. Kada ki yi saurin laƙa masa suna. Masu wannan harka kan kira shi da sunan gonar da aka same shi har sai an tabbatar.

Akwai wani mai yaudara: ja wur, mai dogayen rassa, babu gansakuka ko kaɗan. Wannan irin da ake kira Dr. Huey ne, gindin da ake yi wa aure da wardin zamani. Na saman ya mutu da sanyi, gindin ya tofo. Ba tsohon gado ba ne.

Yanzu ga sharaɗin. Kango ba ya rasa mai shi, ko magada ko manomin da ya sayi filin, kuma shiga gonar mutum ba izini laifi ne a dokarsu. A fara nemansa a roƙa, da wuya ya hana. In maƙabarta ce, masu kula da ita ake tambaya. Sannan ba a tone uwar. Ƙungiyar Texas Rose Rustlers, da ta yi suna a wannan aiki a jihar Texas, a kan haka take: a nemi izini, a yanki reshe, a bar gindin inda aka same shi. Idan matan nan haka suke yi, ki bi su da zuciya ɗaya. In kuwa kin ga shebur da buhu kuma ba wanda ya ambaci mai fili, ki ce kina da uzuri.

Dashensa ba wuya. Irin wannan wardin yakan tura 'ya'ya daga saiwa a gefen uwar, ɗaya daga cikinsu mai ɗan jijiya ya fi reshe saurin kamawa. In reshe ne, ki yanki mai kaurin fensir bayan fure ya zube, ki cire ganyen ƙasa, ki soka a ƙasa mai yashi da danshi a inuwa. Bayan ya kama ki mayar da shi inda zai sha rana kamar awa 6 kuma iska na ratsawa, don farar fumfuna na son ganyensa. Kuskuren da aka fi yi shi ne datse shi da fitowar sanyi, alhali a jikin rassan bara yake fure. Ki bari ya gama fure tukuna. Taki kaɗan ya isa. Abin da ya yi shekara fiye da 100 ba mai ba shi ruwa ba shagwaɓa yake nema ba.

Maganar kawo wa mamanki reshe Kano kuwa, ki haƙura. Sai ya sha sanyin ƙanƙara yake fure da kyau, hunturunmu bai kai ba, ga kuma dokar shigo da tsirrai a filin jirgi. Ki aiko mata hoto in ya buɗe. Ki gaida maigidan da yara.

Kawunki