Tambaya da Amsa: Agogo da kwamfuta sun saɓa a kan sensar salansa

Tambaya: Injiniya, na sa wa motata ƙwaƙwalwar MegaSquirt mai sarrafa man injin, da na'urar Innovate LC-2 mai karanta sensar salansa don auna gaurin iska da mai. Agogon na'urar yana nuna 14.7, kwamfutar da na haɗa da ƙwaƙwalwar tana nuna 15.3, kuma da na kunna fitila ko fanka ta tashi sai lambar ta gusa. Mai wayarin ya ce sensar jabu ce, in koma kasuwar Kofar Ruwa in sayo wata. Ina tsoron injin ya ƙone. Daga wani mai karatu a Gwale.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Sensar da ta lalace ba ruwanta da fitila. Tunda lambar tana bin fanka, matsalar negetib ce, kuma na san inda aka ɗaure baƙar wayar: wani noti a ƙarƙashin dashbod.

Abin da nake fama da shi kullum kenan. Sai mutum ya ce maka ai ƙarfe ƙarfe ne, ko'ina a bodi negetib ne. Wannan magana ta hon ce da fitilar baya. Bodin mota hanya ce da wutar fanka, fitilu da famfon mai duk suke bi su koma batir, ta cikin tsatsa, fenti da ƙurar Kano. Saboda haka wuri biyu a bodi ɗaya kan bambanta da 0.1V ko 0.2V. Hon bai san da wannan ba. Ita kuwa LC-2 da ƙarfin wuta take gaya wa ƙwaƙwalwa karatun: 0V shi ne 7.35, 5V shi ne 22.39, wato kowane 0.1V yana gusar da karatun da 0.3. Bambancinka 0.6 ne, daidai 0.2V. Ka ga lissafin ya fito da kansa.

Kai ka ma yi sa'a, don taka ƙarya ta sa ƙwaƙwalwa ƙara mai ne, tunda babbar lamba tana nufin man ya yi kaɗan. In ta juya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka man ya yi yawa, ragewa za ta yi. Kana taka totur a hanyar Zariya cikin zafin Afrilu, tana ganin 12.8 alhali injin yana 13.4, kuma duk teburin man da ka saita a kan wannan karatun ka gina shi. Fistin ba ya yafe irin wannan. Daga nan a ce man gidan mai ne, ko ƙwaƙwalwar waje ba ta son yanayinmu. Haba! Akwai ma mai ce maka sensar tana samun negetib ta jikin salansa. Wancan zamanin sensa mai waya ɗaya ne. Sensar LC-2, wato Bosch LSU 4.9, ta wayoyinta take komawa na'urarta, kuma hitarta kaɗai tana iya jan fiye da amfiya ɗaya.

Ka kwance baƙar wayar LC-2, ka kai ta daidai inda ƙwaƙwalwa take ɗaure negetib ɗinta a jikin injin, ka kankare wurin har ƙarfe ya fito. Kada ka cusa ta a siririyar wayar negetib ta sensoci, wutar hita za ta ɓata karatun sauran. Ka duba kaurin wayar da ta haɗa inji da bodi da batir.

Sannan ka tayar da mota, ka kunna fitila da fanka, ka sa mita tsakanin negetib na LC-2 da na ƙwaƙwalwa. Ya kamata ya tsaya kusa da sifili. In ya tsaya amma saɓanin yana nan, buɗe TunerStudio, manhajar saita ƙwaƙwalwar, ka tabbatar ma'aunin Innovate aka zaɓa, ba na kamfanin AEM ba.